Motar da Yaya Dominic Ya Sauke Ƙasa

Duk direban da ya taɓa loda masara daga kasuwar Giwa ya iso Sabon Gari gindin motarsa bai ja ƙasa ba, da wuya in hannun yayana Dominic bai taɓa motar ba. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi, ɗaga mota. Za a kawo masa Fijo a-kori-kura ta yi zaman dirshan, ya ƙara mata ganyen sifirin, ya cusa mata roba mai kauri a ƙarƙashi, ta fita daga rumfarsa tana ɗaga hanci kamar an ba ta sarauta. 'Yan tasha ba su san shi da wani suna ba sai Domi Sama. Ni kuwa Lucia, ƙanwarsa, malamar firamare ce a Samaru, kuma na daɗe ban ga abin burgewa a aikin nan ba. Abin da na sani kawai, ko ranar Lahadi a coci in ya buɗe littafin waƙoƙi sai ka ga baƙin mai a farcensa.

Babanmu daga Zonkwa ya zo, ya samu aikin lebura a gonar gwaji ta Samaru, a nan aka haife mu. Ya so Dominic ya yi boko. Dominic ya so ƙarfe. An yi duka, an yi lallashi, an kai ƙara wajen Fada na cocinmu, duk a banza. Da safe zai sa yunifom ya fita, da yamma a tsince shi a Sabon Gari kwance ƙarƙashin motar wani. Da Baba ya gaji sai ya kama hannunsa da kansa ya danƙa wa wani tsohon bakanike. Daga baya ya samu rumfarsa a wani fili da ke bayan unguwar Chikaji, inda kanikawa da masu walda da masu faci suka jeru kowa da tasa, sun matse wurin da gawarwakin motoci har sai ka karkace kafin ka wuce.

Can ƙuryar rumfar tasa akwai wata mota lulluɓe da tamfol. Datsun ce ta zamanin da, mai kujera biyu, dogon bonet, gajeren baya, launin ɓawon lemo. Wani Bature malamin jami'a ne ya bar masa ita lokacin da zai koma gida, tun ina 'yar makaranta. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar iyali, kaji ma sun sha yin ƙwai a kujerarta. Amma lokaci-lokaci sai ya yaye tamfol ɗin, ya tayar da injin, ya tsaya yana saurare, ya kashe ya rufe. Na sha yi masa tsiya a kanta. Wata rana na ce, "Yaya, ka ɗaga ta mana kamar sauran, ko buhun gawayi ta riƙa kawo mana."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Lusi, duk motan da na taɓa a garin nan ɓata mata tsayuwa na yi. Dole ce, hanya ba kyau, kaya da nauyi. Amma wanda ya zana mota ba don ta yi ɗage kamar zalɓe ya zana ta ba. Wannan ɗin ƙasa nake so ta yi. Ƙasa sosai."

Na ɗauka zancen shan iska ne. A Zariya, mota ta yi ƙasa? Ai ko Keke Napep sai ya lallaɓa a wasu layukan Sabon Gari.

A farkon shekarar 2005 na fara lura yana tuntuɓe da abin da ke gefensa. Zai taka sifana, zai buge ƙofa da kafaɗa, in ka miƙa masa kofi ta gefe sai ya bar ka riƙe da shi. Da faɗa da komai na ja shi asibitin Shika. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cinsa a ɓoye. Ganin gefe ya riga ya tafi. Abin da ya rage masa kamar mai leƙe ta bututu ne, kuma bututun zai yi ta tsukewa. Aikin tiyata zai jinkirta abin amma ba zai dawo da komai ba. Tuƙi kuwa, ya fara ban kwana da shi.

A cikin bas muna dawowa, da muka wuce Kwangila sai ya juyo gare ni. Ya ce kada kowa ya ji a filin, don ba wanda zai ba makaho motarsa. Ya kuma ce, "Kafin ya rufe, sai na sauke ta, na tuƙa ta, na gan ta da idona." Na juya fuska wajen taga don kada ya ga tawa, sai na tuna ba ya ganin gefe.

Kayan aikin daga shagon Chuks suka fito. Chuks ɗan kasuwa ne mai kawo tsofaffin kayan mota daga Legas, kuma a cikin wani lodi aka haɗo masa wasu ƙafafun mota huɗu da suka ƙi sayuwa. Duk wanda ya ɗauka ya ji an ce sauke mota suke yi sai ya ajiye ya goge hannu. "Oga Domi, zo ka kwashe wannan wahala," in ji shi, "kai kaɗai ke son abin da ba ya da amfani." Ya haɗa masa da tayoyi huɗu masu faɗi kamar turmi a kwance, a madadin Dominic ya ɗaga masa bas ɗinsa.

Koyiloba ake ce wa ƙafafun. Ni ma a lokacin na koya. Shokozoba ce da sifirin naɗe a jikinta, sifirin ɗin yana zaune kan wani zoben ƙarfe. Jikin nata duk zare ne irin na noti, in ka murɗa zoben sama mota ta tashi, in ka murɗa ƙasa ta sauka. Da ya nuna mini, yatsunsa na bin zaren a hankali, fuskarsa ta koma ta yaron nan mai gudun makaranta.

In na tashi daga aiki sai in hau bas in je in zauna a benci, wai gadi nake yi kada ya ji wa kansa ciwo. Gaskiyar magana kallo nake zuwa. Ban taɓa ganin mutum na aiki haka ba. Ya yanke tsofaffin ƙafafun motar, ya haɗa sababbin a kai, kuma duk awon da ido ya kasa yi masa sai ya yi da tafin hannu. Tayoyin sun fi ramin da aka yi musu faɗi, suna gugar bakin bodi. Sai ya samu bututun ƙarfe ya sa tsakanin taya da bodi, yana tura motar gaba kaɗan baya kaɗan, yana lanƙwasa bakin ciki-ciki har ya kwanta, fenti bai ko tsage ba. Yakan kai kunnensa jikin ƙarfen yana yi. Wani lokaci in ga ya rufe idon gaba ɗaya, kamar yana gwada yadda gaba za ta kasance.

Da aka zo daidaita tsayi ya ce in shiga in zauna a gefen mai zaman banza.

Na ce, "In yi me?"

Ya ce, "Da nauyin wanda zai hau ake saita ta. Kuma ke, Malama, ba a yi miki ƙiyasi, tuwon Samaru ya karɓe ki."

Na zage shi, na shiga. Ina zaune yana zagayawa, ya murɗa nan, ya koma can, ya zura yatsa tsakanin taya da bodi, ya sake murɗawa. Sai can na gane abin da ya faɗa mini ba tare da ya faɗa ba. Kujera biyu ce a motar, kuma tawa ce ɗayar.

Ranar da ya sauke ta daga jak ban kasance a wurin ba. Da na zo ya ɗan yaye tamfol ya nuna mini, ya mayar da sauri, don ba ya son surutun mutanen fili. Washegari aka kwantar da shi a Shika domin tiyatar idon. Abin da aka faɗa wa maƙwabtansa, za a wanke masa ido ne kawai.

To, filin nan yana da wata al'ada, kuma har gobe ina girmama ta. In oga ya kwanta ciwo ko ya tafi jana'iza, sauran ogogin sukan shiga rumfarsa su ƙarasa duk aikin da ya bari, ba tare da sun tambaye shi ba, don kada kwastomominsa su watse. Ba a karɓar godiya da kuɗi, ba a kuma kushe aikin da aka yi maka. Dominic da kansa ya sha kwana ƙarƙashin motocin wasu saboda haka. Da ya kwanta, Augustine mai walda, abokinsa tun suna koyon aiki, ya tara jama'a. Suka gama da motocin kwastomomi tas. Sai wani ya ce a leƙa ta cikin tamfol.

Suka tarar da ita cikinta na neman taɓa ƙasa. A wurinsu fassarar wannan ɗaya ce tak: sifirin ya mutu. Domi Sama guda, motarsa ta zauna a rumfarsa, ai abin kunya ne ga filin baki ɗaya. Suka ɗaga ta a jak, suka ga zobban, suka yi murna da sauƙin abin, suka murɗe su har ƙarshen sama. Augustine ya ce zoben da hannu ke murɗawa ai ramin titin Tudun Wada ma zai warware shi, ya jawo wayarsa ya ɗosa wa kowane walda. Babatunde mai faci ya cire faffaɗan tayoyin ya jingine, wai ƙusa za su yi ta kwasa, ya sa mata dogaye sirara na a-kori-kura. Har wanke ta suka yi.

Ni na kawo shi filin bayan an sallame shi, ido ɗaya a rufe da bandeji. Muna shiga suka taso da tafi. Sun fito da ita tsakiya, tana tsaye ƙerere, ɗan akuya zai iya bi ta ƙarƙashinta bai sunkuya ba. Dominic ya tsaya yana juya kai kaɗan-kaɗan, yana tattara ta gutsure-gutsure da ragowar idonsa. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu. "Na gode. Allah ya saka. Na gode, Augustine." Muryarsa ba ta ko girgiza ba. Ya durƙusa wajen tayar gaba, ya zura hannu ciki, yatsunsa suka sauka kan gudajin walda. Ya daɗe a haka. Sai ya zauna a ƙasa, cikin baƙin mai, da kayan asibitinsa.

Bakina ba shi da linzami, kowa ya sani. Na yi alkawarin rufe masa asiri, na karya shi a wurin, kuma ban yi nadama ba. Na wanke su tas. Na ce wa ya aike su, wa ya ce musu komai na duniya buhun masara yake jira. Na ce mutumin nan makancewa yake yi, likita ya faɗa, abin da ya rage masa bai fi bakin kwalba ba, kuma ragowar ganinsa kaf ya zuba wajen sauke motar nan da suka ɗaga. Dominic yana cewa, "Lusi, ya isa," ina ƙara murya. Da na yi shiru, filin da ba a jin maganar juna saboda bugun guduma ya yi tsit.

Augustine ne ya fara motsi. Ƙato ne, hannunsa duk tabon wuta. Ya je rumfarsa ya dawo da magagari, ya tsuguna gaban yayana.

"Domi, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Da wane baki?"

"To faɗa mini yanzu. Ina zan fara?"

Injin gurza ƙarfe zai cinye zaren, don haka da hannu aka yi. Manyan ogogi masu yara goma-goma a ƙarƙashinsu suka rufe rumfunansu, suka zauna a ƙasa da magagari da guntun zarto, suna cin walda kaɗan-kaɗan kamar mata masu tsintar shinkafa. Dominic yana bi yana shafawa, ya ce nan ya isa, nan saura. Zobe ɗaya ya lalace, wani mai injin sassaƙa ƙarfe a Chikaji ya fitar da sabo. Babatunde ya mayar da faffaɗan tayoyin yana ta ba da haƙuri da Yarbanci. Aikin ya ci kwanaki, kuma kowace safiya sai na tambayi yayana yaya idon, ya ce da sauƙi, in ga yana laluben hannun kofi. Aka sake zaunar da ni a kujerata aka saita. Wannan karon ba wanda ya yi zancen tuwo.

Da aka sauke jak na ƙarshe, motar ta sauka, ta sake sauka, ta kwanta kan tayoyinta. Motar da na sani shekara da shekaru a matsayin akurkin kaji ta zama wani abu dabam, faffaɗa, a lafe, kamar tana shirin zabura. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna ɗaga motoci suka zagaye ta baki buɗe. Augustine ya cire hularsa. Chuks ya kira sunan Allah da harshensu na Ibo a hankali, "Chineke."

Saura fita. Daga filin zuwa titi akwai lambatu, akwai layin dogo, akwai tudun da mutanen unguwa suka yi don masu gudu, kuma ba ɗaya da za ta haye cikinta bai daki ƙasa ba. Kwalta mai santsi sai an wuce Samaru, hanyar Shika. Aka sa ranar Lahadi bayan Mas na farko a coci, lokacin da titi ba cunkoso. Augustine ya tuƙa ta a cikin gari, sauran suka biyo a a-kori-kura cike da katako. Duk inda aka zo tudu sai su dire, su shimfiɗa katako, ta hau a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, su kwashe su ruga gaba. A layin dogo katakon bai isa ba. Sai suka jeru gefe da gefe, da kayan cocinsu, wasu da jallabiya, suka kama ta suka ɗaga da hannu suka tsallakar. Masu zuwa coci suka tsaya. 'Yan acaba suka biyo mu a baya ba mai yin hon. A Samaru ɗalibai suka fito daga shagunan shayi suna ihu, wani yana cewa, "Kai, wannan motan daga ina?" Na ce a raina, daga bayan Chikaji take, ɗana.

Da muka wuce mahaɗar Bomo, Augustine ya tsaya ya fito. Dominic ya lalubi ƙofa ya shiga, na shiga gefensa. Zama a ciki kamar zama a tabarma ne, ciyawar bakin titi tana daidai kafaɗata.

Ya ce, "Ni ina da gaba. Ke ki riƙe mini gefe da gefe."

Na ce, "Na riƙe."

Ya sa giya. Tsoro na ji da farko, ba zan ɓoye ba, na ƙanƙame kujera ina karanto duk addu'ar da na iya. Ina cewa mai keke a dama, ya wuce, shanu a hagu amma suna nesa. Sai ya taka ta. Injin ya buɗe murya, motar ta manne da kwalta kamar an shafa mata gam, kuma kowane ɗan tsakuwa da muka taka ina jin sa a bayana. Aka zo wata kwana mai faɗi, na jira jikina ya karkata yadda yake yi a kowace mota, bai karkata ba. Ta juya a shimfiɗe. Damina ta fara, gonaki sun yi kore shar, suna wucewa ta gefena kamar ana jan zane. Na daina addu'a. Na ji yayana yana dariya, irin wadda rabona da ji tun Baba na da rai, hawaye na bin gefen bandejinsa.

Kafin Shika ya rage gudu da kansa, ya ce in nuna masa inda zai sauka. Ya kashe injin, ya zare makulli, ya miƙa wa Augustine da suka iso bayanmu. Ya ce, "Kai za ka mayar da ita." Ba wanda ya yi gardama.

Ya tsaya jikin motar yana juya kai, bonet, ƙofa, taya. Sai ya ce, "Lusi, a kusa ba ta shiga. Gutsure nake gani. A fili ma haka, ba wurin ja da baya. Kama ni."

Na kama gwiwar hannunsa muka fara ja da baya. Muka sauka daga titi, muka shiga gonar wani, muna taka kunya, ina kauce masa da 'yan shukar masara. Ya ce ƙara. Muka ƙara. Mutanen suka gane, suka janye daga jikin motar gaba ɗaya, suka bar ta ita kaɗai a bakin kwalta. Mun yi nisa har na fara tunanin ko ba zai yiwu ba, sai ya matse hannuna.

"Tsaya. Ta shiga duka."

Muka tsaya. Rana ta ɗaga, tana dukanmu, ƙafafunmu sun nutse a laka. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, kuma ba wanda ya kira mu daga titi. Ko ƙifta idon ba ya son yi.

Kafin Kirsimetin shekarar idon ya rufe. Ya rayu shekaru bayan haka, yana zuwa filin kullum, ana kawo masa ƙarfe ya shafa ya faɗi ciwonsa. Wata rana ina yanke masa farce na tambaye shi ko duhun yana damunsa. Ya ce da farko ya zaci baƙi zai riƙa gani, ashe ba haka ba ne, abin da ka kalla da kyau yana zama.

Ya ce, "Tana nan a bakin titi, Lusi. Ba wanda ya taɓa ta."